Rina, Gara da Sauran Abokan Gaban Jirgin Ruwa

In ka tambayi mutumin tudu abin da ya ke jin tsoro in ya shiga jirgin ruwa, sai ya ce maka dorina, ko kada, ko kuwa hadari ya taso yana tsakiyar kogi. Ni ma da haka na ke tsammani. Amma tun ran da rina ta kusa kifar da mu a tsakiyar Kwara, ni da 'yan makaranta goma sha ɗaya, na san akwai waɗansu abokan gaba waɗanda ba su kai tsawon ɗan yatsa ba. Da yawa daga cikinku in kun gama kos za a tura ku ƙauyukan bakin ruwa, inda ba a zuwa kasuwa ko asibiti sai da fito. Don haka na ga ya kamata in faɗa muku abin da na gani, da abin da na koya daga baya, wani a bakin Sarkawa, wani kuwa cikin littattafan masana.

A lokacin ina koyarwa ne a wata 'yar makaranta a ƙasar Mashegu, can yamma, inda Kwara ta yi wa ƙasar iyaka. Kogin nan ba yadda kakanninmu suka san shi ya ke ba yanzu. Cikin 1968 aka gama madatsar ruwa ta Kainji, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon kimanin kilomita 135, ya haɗiye tsohuwar Bussa da duwatsun nan inda Mungo Park ya halaka cikin 1806. Daga baya aka sake datsewa a Jebba, ruwan da ke ƙasa da Kainji shi ma ya kwanta ya yi faɗi. To, da ruwa ya yi faɗi sai iska ta sami filin hurawa. Waɗansu masu jirgi suka riƙa ɗinka buhuna su yi ƙyalle babba, su kafa gora a tsakiyar jirgi su ɗaura shi, iska ta tura su, su huta da tuƙi, su kuma huta da sayen fetur. Irin wannan jirgi ne muka shiga ran nan.

Za mu ƙetare ne zuwa wasan guje-guje a wata makaranta a wancan hayi. Jirgin da a ke fito da shi kullum ya tafi kasuwa, sai wani tsoho Basarke, wanda duk gari ke ce wa Baba, ya ce zai kai mu da na ƙanensa. Shi wannan jirgi ya yi wajen wata uku ɗaure a gindin wani ɓaure, don mai shi ya yi tafiya. Muka shiga, Baba ya ɗaga ƙyalle, iska ta kama, muka yi nisa lafiya lau. Muna tsakiyar ruwa sai wani yaro ya ga jakarsa tana jiƙewa, ya ɗauka ya cusa ta ƙarƙashin katakon da a kan rufe goshin jirgi da shi. Ashe akwai gidan rina a ciki, ya kai faɗin tafin hannu. Kafin ka ce kwabo sun fito. Yaron ya yi ihu ya miƙe tsaye, na kusa da shi suka zabura suka yi gefe guda, jirgi ya karkata, ruwa ya fara kwararowa ta baki. Ni kaina, kada in ɓoye muku, na riga na ɗaga ƙafa zan tashi. Sai na ji Baba ya daka tsawa, "Kowa ya zauna! Ku rufe fuska da riga! Rina ba ta kisa, ruwa ke kisa!" Ya saki igiya ƙyalle ya faɗi, ya danna jikinsa ɗaya gefen, jirgi ya daidaita. Muka duƙa muka yi tsit, suna ta yawo bisa kanmu, har suka gaji suka koma. Da ƙwarya aka kwalfe ruwan da ya shigo. Na sami harbi uku, yaron nan biyar, leɓensa ya kumbura kamar an hura, bai yi gudu ba ran nan. Cikin yaran nan goma sha ɗaya, uku kaɗai suka iya iyo.

Da muka sauka Baba ya ce, "Malam, laifina ne. Jirgin da ya kwana bakwai ba a taɓa shi ba, ba a shigarsa sai an leƙa. Na sani sarai, gaggawa ce ta sa." Na ce, "Haba Baba, ai ba don kai ba da yanzu wani labari a ke yi." Tun daga ran nan na lizimce shi, in an tashi makaranta sai in gangara bakin ruwa inda ya ke gyaran taru, ina tambaya yana ba ni amsa.

Bari mu fara da ita rinar. Gidanta takarda ne na sosai. Ta kan kankari busasshen itace ko kara da bakinta, ta tauna da yawu, ta gina 'yan ɗakuna masu kusurwa shida, duka rataye da ɗan siririn wuya guda. Mace guda ce ke farawa, wani lokaci da 'yan'uwanta biyu ko uku. Ta sa ƙwai ɗaya cikin ko wane ɗaki, in ya ƙyanƙyashe ta riƙa kamo tsutsar ganye tana taunawa tana ba 'ya'yan. Su kuwa in sun girma ba su watsewa, sai su tsaya su taya ta aiki da tsaro, gida ya yi ta ƙaruwa. Abin da ta ke nema wajen gini shi ne inuwa, da inda ruwan sama ba ya bugu, da inda ba a motsi. Ku duba ƙarƙashin goshin jirgi, da ƙarƙashin katakon zama, da cikin ƙyallen da aka naɗe aka jingine, za ku ga duk sun haɗu, ga kuma ruwan sha kusa. Inuwa da mafaka ba yadda mai jirgi zai yi da su, haka aka ƙera jirgi. Motsin ne ke hannunsa. Jirgin da ke fita kullum, ana taka shi, ana buga shi, yau yana nan gobe yana can, rina ba ta samun sukunin zama cikinsa.

Ga abin da ya fi amfani a sani. Daga ran da uwar ta fara gini zuwa ran da 'ya'yan fari za su fito da fiffike, a kan yi fiye da wata guda. Duk tsawon wannan lokaci ita kaɗai ce, gidan ɗan ƙarami ne, ita kuma ba ta cika faɗa ba, in ka zo da sanda sai ta tashi. Watau ke nan wanda ke leƙa jirginsa sau ɗaya a mako ba zai taɓa gamuwa da babban gida ba, kullum ƙarami zai tarar, ya kankare da tsinke. Wata ukun nan da jirgin ƙanen Baba ya yi a gindin ɓaure su suka ba ta damar tara runduna.

In kuwa an riga an makara, gida ya girma, to, kada a taɓa shi da rana. Da rana rabinsu suna waje, za su dawo su same ka, waɗanda ke gida kuwa jikinsu da ƙarfi. A bari sai da asuba, musamman lokacin hunturu, sa'ad da duk suna manne a gida sanyi ya kama su. A kaɗa garin sabulu cikin bokitin ruwa ya yi kumfa sosai, a watsa musu gaba ɗaya. Dalili kuwa shi ne, ƙwaro ba da hanci ya ke numfashi ba, da waɗansu 'yan ƙofofi ne a gefen jikinsa. Ruwa zalla ba ya kama jikin ƙwaro, sai ya gangare, amma ruwan sabulu ya kan jiƙa shi ya shiga ƙofofin nan ya toshe, nan da nan su zubo. Sa'an nan a kankare gidan har wuyansa. In da duhu ne, a ajiye tocila can gefe tana haskowa, kada a riƙe ta a hannu, gama wadda ta tsira haske za ta nufa. Na ga masu ƙona gidan rina da harshen wuta. A bango ko a bishiya wannan nasu ne, amma cikin jirgin da aka shafe da kwalta, ga jarkar fetur a ajiye, ban ga wauta irin wannan ba.

Kada kuma a murƙushe rina da hannu kusa da gidanta. Dafinta yana da wani wari da 'yan'uwanta ke ji su taso. Ita ba kamar ƙudan zuma ba ce da ke barin ƙarinta cikin fata ta mutu, rina guda ta kan yi harbi ta sake. A nan ne zan ɗan gyara maganar Baba. Gaskiyarsa, a tsakiyar ruwa firgita ita ce ke kisa. Amma akwai mutanen da jikinsu ba ya ɗaukar dafin ko kaɗan, harbi guda ya isa ya kai su lahira. In kun ga wanda aka harba fuskarsa da wuyansa suna kumbura, ko da ba nan aka harbe shi ba, ko jikinsa ya feso da borori, ko numfashi yana yi masa wuya, ko jiri ya ɗebe shi, to, ba zancen jiƙo ba ne, a yi asibiti da shi nan take, akwai allurar da a ke yi. In kuwa zafi ne da kumburi a wurin harbin kaɗai, a wanke, a ɗora tsumma mai sanyi, zai sauka. Ban ce ku bi rina daji kuna kashewa ba. Tsutsar da ta ke kamowa ita ce ke cin ganyen wake da masara, saboda haka a gona abokiyar manomi ce.

Zanzaro kuwa, wanda ku ke ara sunansa in kun cusa riga cikin wando ran fareti, halinsa dabam ne. Ba ya tara jama'a, ba ya tsaron gida, da wuya ka ji ya harbi mutum sai in an matse shi. Shi magini ne. Ya kan ɗebo laka a bakin ruwa ya gina ɗaki, ya kamo gizo-gizo ko tsutsa ya harbe su su sandare ba tare da sun mutu ba, ya cika ɗakin da su, ya sa ƙwai, ya liƙe. Ɗansa in ya ƙyanƙyashe ya tarar da ɗanyen nama yana jiransa. Ɓarnarsa ita ce son rami. Waɗansu irinsa ba su ma wahalar gini, duk ramin da suka samu sai su cika su liƙe da laka. A jikin injin jirgi akwai ɗan ramin da ruwan sanyaya inji ke tsartowa, da shi a ke gane famfo yana aiki, akwai kuma ramin shan iska a murfin tankin mai. In zanzaro ya liƙe na tanki, inji ya yi ta tafiya sai ya shaƙe ya mutu, watakila a inda ba ka so. Maganinsa ba wuya. In za a ajiye inji a rufe shi da buhu a ɗaure, in za a tashi a zura tsinke ko waya cikin ramukan, a kuma tabbata ruwa na tsartowa kafin a bar gaɓa.

Kada ku raina wannan. Ran 6 ga Fabrairu 1996 wani jirgin sama ƙirar Boeing 757 ya tashi daga Puerto Plata, a Jamhuriyar Dominikan can wajen Amurka, bai yi nisa ba ya faɗa teku, mutum 189 da ke ciki duk suka halaka. Masu bincike suka gano ɗan bututun da ke auna saurin jirgin ne ya toshe, ya riƙa nuna wa matuƙi ƙarya. Abin da suka fi zato ya toshe shi kuwa shi ne ginin zanzaro, don jirgin ya yi kusan mako uku a ajiye.

Ran nan ina ta yi wa Baba zancen rina, sai ya yi dariya ya ce, "Malam, mai harbi ai ya yi maka sallama. Wanda ba ya magana shi ne abin tsoro." Ya jawo ni wurin wani tsohon jirgi a kife, ya sa tsinin wuƙa ya danna katakon gindi. Daga waje lafiya lau, har da sauran fenti. Wuƙar ta shige kamar cikin gurasa.

Masu cin itacen jirgi iri uku na sani, ko wanne da inda ya ke tare shi. Ta farko gara, kowa ya san ta. Gidanta cikin ƙasa ya ke, jikinta ba ya jure rana da busasshiyar iska, don haka duk inda za ta sai ta gina hanya ta laka ta bi ta ciki. Jirgin da ke kan ruwa ya fi ƙarfinta. Amma ruwan Kainji ba ya tsayawa wuri guda. Sau biyu Kwara ke kawo ruwa a shekara: farin ruwa na damina, wanda ke zuwa daga ruwan saman ƙasashen nan kusa, da baƙin ruwa na hunturu, wanda ya taso tun daga duwatsun Gini ya daɗe yana ratsa fadamun Mali. Bayan waɗannan sai tafki ya yi ta ja da baya, har zurfinsa ya ragu da kimanin mita 10 kafin wata damina ta kankama. Mutum ya ɗaure jirginsa cikin ruwa ya tafi noma, in ya dawo ya tarar da shi zaune bisa busasshiyar ƙasa, ruwa ya yi nisa. Nan gara ke samunsa. Ta ƙasa ta ke shiga, ta cinye ciki ta bar fatar waje, gama ba ta son haske.

To, sai ka ce a bar shi cikin ruwa mana. A nan ne na biyu ke jira, shi kuwa mutanen tudu ba su san shi ba. Wanda ya taɓa kwana bakin tafki ya ga waɗansu fararen ƙwari masu laushi, kama da shinge, da kan fito jingim 'yan kwanaki bayan wata ya cika, su rufe fitila, kafin gari ya waye duk sun mutu. Masana suna kiran wannan ƙwaro Povilla. Rayuwarsa ta fiffike ba ta kai kwana guda ba, amma tsutsarsa ta kan yi watanni cikin ruwa. Tana da haƙora biyu masu ƙarfi, da su ta ke huda itacen da ke cikin ruwa ta yi rami, ta shafe ramin da wani zare kamar siliki, ta zauna ciki tana jawo ruwa tana tace 'yar gansakukar da ke ciki tana ci. Watau ita ba cin itace ta ke ba, ɗaki ta ke nema, amma ga mai jirgi duk ɗaya ne. Da aka tare ruwa a Kainji dubban itatuwa suka nutse a tsaye, ƙwaron nan ya sami gidaje ba iyaka ya yaɗu ƙwarai, kamar yadda ya yi a tafkin Volta na ƙasar Gana. Masunta ba su ƙi ba, don kifi yana ƙiba da shi. Sai dai gindin jirgin da ya daɗe cikin ruwa ba kwalta, musamman in itacen mai taushi ne ko ya fara ruɓa, shi ma gida ne.

Kun ga ke nan, a tudu gara, a ruwa tsutsa. Dabarar Baba ita ce kada jirgi ya daɗe a ɗayansu. Lokaci lokaci ya kan jawo nasa waje ya kife shi, amma ba bisa ƙasa ba, bisa duwatsu, yadda iska za ta ratsa ta ƙarƙashi, ido kuma ya iya ganin in gara ta fara ɗora hanyarta a jikin dutse. Tsutsar ruwa ba ta jure bushewa, kwana kaɗan a rana ta mutu. Sa'an nan ya kankare gansakuka, ya cusa tsumma ko auduga a tsagogi, ya narka kwalta ya shafe gindin, ya mai da shi ruwa. Ba ya barinsa ya wuce kwana uku ko huɗu a rana, don in katako ya bushe ƙwarai sai ya tsuke, haɗin ya buɗe. Ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ta uku ita ce gunda, mai zubo gari kamar na tuwo. Uwar ta kan sa ƙwai cikin itace, tsutsa ta yi watanni tana ci daga ciki, sai ta zama ƙwaro sa'an nan ta huda ta fito. Saboda haka 'yan ramukan nan da ku ke gani ba ƙofar shiga ba ce, ƙofar fita ce, ɓarna ta riga ta auku. Abin da ta ke bi shi ne abincin da itace ya tara a farin sashen nan na bayan ɓawo. Jan cikin itace ba ta cika kula shi ba. Don haka in za a sayi katakon jirgi a duba, wanda ke da farin gefe a sa kafinta ya fere shi. Gora kuwa, wadda a ke ɗaura ƙyallen a jikinta, gunda na sonta ainun, ga shi in ta karye iska na kaɗawa tana iya kifar da jirgi. Tun zamanin da an san maganin wannan: in an sare gora a nutsar da ita cikin ruwa makonni, abincin nan ya jiƙe ya fita, sa'an nan a shanya ta a inuwa.

Irin itacen ma da magana. Kawo da ƙirya da loko suna da tauri, ƙwaro ba ya samunsu da sauƙi, maɗaci ma ba laifi. Rimi kuwa da ire-irensa masu taushi, sauƙin sassaƙa gare su da sauƙin kuɗi, amma ba su daɗewa. Abin baƙin ciki, manyan itatuwan nan masu tauri sun yi wuya, mai ƙaramin ƙarfi abin da ya samu shi ya ke saye. Wanda ya sayi mai taushi, to, ya san aikin dubawa ya ƙaru a kansa. Dubawar kuwa ba ta bukatar kome sai ƙotar wuƙa da tsininta. A bi katako ɗaya ɗaya ana ƙwanƙwasawa. Mai lafiya ya kan amsa da ƙarfi, wanda aka cinye ya yi ƙara kamar ganga. Inda aka yi shakka a danna tsini. A fi mai da hankali ga gindi, da wurin ƙusoshi, da inda gorar ƙyalle ke zama.

Ran 26 ga Mayu 2021 wani babban jirgin katako ya taso daga Lokon Minna a Jihar Neja za shi Wara a Jihar Kebbi, ɗauke da mutane fiye da ɗari, ya tarwatse cikin ruwa, aka yi hasarar rayuka masu yawan gaske. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ce jirgin tsoho ne, lodi kuma ya fi ƙarfinsa. Ban ce ƙwaro ne ya jawo wannan ba. Abin da na ke so ku lura shi ne, nauyin da katako ya ɗauka bara ba lalle ne ya ɗauka bana ba, ido kuwa ba ya ganin bambancin in ba an ƙwanƙwasa ba.

Sauran ƙwarin ba jirgin su ke ci ba, mutanen ciki su ke damu. Ruwan saman da ya kwanta cikin jirgin da aka ajiye, ban da ruɓar da katako, gidan sauro ne, da zafi kwana goma sun isa ƙwai ya zama sauro mai cizo. A kwalfe, ko a kife jirgin. Jirgi ya daɗe yana yi wa sauro fito. Sauron shawara daga Afirka ya ƙetare teku zuwa Amurka cikin gangunan ruwan sha na jiragen da. Cikin 1930 kuma aka ga sauron zazzaɓin cizon sauro irin namu a garin Natal na ƙasar Barazil, ana kyautata zaton jiragen ruwa masu sauri daga Dakar suka kai shi. Cikin 1938 ya jawo annobar da ta kashe dubban mutane, sai 1940 aka samu aka ƙarar da shi a can.

Tsando yana zaune cikin kurmin bakin rafi, ya kan bi abin da ke motsi, yana kuma son shuɗi da baƙi, shi ya sa tarkon da a ke kama shi da shi shuɗi da baƙi ne. Don haka ƙyallen jirgi da rumfarsa su zama fari, a kuma riƙa bin sarari a bar gindin kurmi. Ɗan baƙin ƙudan nan mai kawo makantar kogi kuwa a ruwa mai gudu bisa duwatsu ya ke haihuwa. Lokacin ginin Kainji sai da aka riƙa zuba magani cikin koguna don a tsare ma'aikata daga gare shi. Tafki ya shafe masa wurare da yawa, amma wanda zai bi rafuffuka masu gudu da damina ya sa dogon wando, don ƙafa ya fi cizo, ya kuma sha ƙwayar nan ta Mectizan in an zo rabawa, wadda a ke bayarwa kyauta tun 1987. Kyankyaso da tururuwa da cinnaka ba su iya iyo mai nisa, ta igiya su ke hawa, ko ta reshen da ya sauko bisa jirgi, ko cikin kaya. Baba ba ya ɗaure jirgi a jikin bishiya, turke ya ke kafawa cikin ruwa nesa da inuwa. Ya kan ce inuwar da ta yi maka daɗi ta yi wa ƙwaro.

Akwai abu guda da na ke roƙonku ku yi magana a kansa duk inda aka tura ku, shi ne zuba guba. Jirgin da ke ɗaukar bandar kifi ya kan tara wani baƙin ƙwaro mai tsutsa mai gashi, wadda ke cinye kifi ta bar ƙaya da fata. Hasara ce ta gaske, ban musa ba. Amma na ga inda a ke yayyafa fiya-fiya bisa kwandunan kifi da cikin jirgi, kifin nan kuwa gobe yana cikin miyar wani, ruwan wankin jirgin kuma ya koma kogin da a ke sha. Da can Gammalin a ke yi da shi, har a zuba cikin ruwa don kashe kifi. Sinadarin da ke cikinsa an sa shi cikin jerin waɗanda duniya ta yarda a daina cikin 2009. Na cikin fiya-fiya kuwa shi ne wanda aka samu ya yi yawa cikin waken Nijeriya, har Tarayyar Turai ta hana shigar da waken cikin 2015. Ƙwaron banda yana da magani ba wannan ba. Kifin da aka sa wa gishiri kafin banda, aka kuma busar da shi ƙayau, ba ya samunsa da sauƙi. In an ga alamarsa a mai da kifin bisa wuta ya sha zafi. Ɓurɓushin kifi da ke maƙalewa a tsagogin jirgi da tsofaffin kwanduna da kwalaye, nan ne ya ke ajiye zuriyarsa kafin sabon kaya ya zo, saboda haka a share, a wanke, a shanya a rana.

Bayan abin nan da ya same mu, na ɗauki darasi guda na kai aji bakin ruwa. Baba ya kife musu jirgi, ko wane yaro ya ƙwanƙwasa ya ji bambancin ƙarar da kunnensa. Muka ɓamɓaro ginin zanzaro daga ƙarƙashin katakon zama muka fasa bisa takarda, yara suka ƙirga gizo-gizon da ke cikin ɗaki guda, suka taɓa su da tsinke suka ga ƙafafunsu na motsi. Daga nan muka shiga jirgi a inda ruwa bai wuce gwiwa ba, na ce kowa ya zauna, in na yi ihu na ce rina, a duƙa a rufe fuska, wanda ya miƙe ya fita wasa. Karo na farko bakwai suka miƙe. Muka sake, har sau biyar, kafin a sami karon da ba wanda ya tashi, sai yaron nan mai jaka, shi kuwa tun a na farko bai ko motsa ba.